Gargaɗi ga masu saƙa: an karɓi kuɗin rumfa a baje kolin da babu shi

Assalamu alaikum 'yan uwana masu sana'ar saƙa, na Kano da kewaye har da na nesa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina don tana min ciwo, amma jiya wata ɗalibata ta turo min tallar da ta cinye mana kuɗi, suna da kalar hoton kawai aka canza, tana tambayata, "Anti, in biya?" Shi ya sa na ce ba zan sake kwana ban faɗa ba. Ba zan kama sunan matar da ta damfare mu ba, domin magana tana hannun hukuma, kuma sunan ma kullum sauya shi take yi. Yadda take aikin nata zan bayyana, don shi ne bai canza ba.

Ta hanyar sayar da ulu ta shigo mana. Duk mai saƙa ta san daga watan Oktoba, kafin hunturu ya kankama, ake rububin sayen ulu don hula da safa da rigunan sanyi na jarirai, kuma yawancin wanda muke amfani da shi daga China da Turkiyya ake shigo da shi, dala na motsawa farashinsa ya motsa. A wannan lokacin ta fara saka bidiyon wani shago a WhatsApp da Facebook, kantoci cike da ulu kala-kala har rufi, tana cewa ita ke shigo da kayanta da kanta. Farashinta ya yi ƙasa da na sari a Kantin Kwari da Sabon Gari. Na yi shakka, sai na gwada da dozin ɗaya. Kwana biyu direba ya kira ni daga tasha, na buɗe leda na ga ulu mai kyau, laushi da nauyi duk daidai. Wannan dozin ɗin shi ne tarkon. Da bakina na gaya wa ɗalibaina da ƙawayena cewa matar tana da amana, kuma wannan ne ya fi damuna har yau, don da yawansu saboda ni suka biya.

Bayan an saba sai ta kawo maganar baje kolin kayan saƙa na kwana uku a wani ɗakin taro, wai masu shagunan kayan jarirai za su zo daga Abuja su yi sari. Kuɗin rumfa naira 25,000, amma wadda ta sayi kwalin ulu daga "kamfanin da ya ɗauki nauyin taron" rabi za ta biya. Ta buɗe zauren WhatsApp wanda ita kaɗai ke iya rubutu a ciki, kullum tana saka hoton rasit na waɗanda wai sun biya, tana cewa rumfuna sun kusa ƙarewa, wadda ba ta biya yau ba gobe sai dai haƙuri. Asusun da ta bayar na mutum ɗaya ne, sunan namiji, ta ce na maigidanta ne.

Mata suka duƙufa. Na san wadda ta kwashi adashinta gaba ɗaya ta zuba, na san wadda ta sayar da tunkiyarta. Ni kaina sai da na yi makonni ina saƙa bayan sallar isha'i har idona ya fara ruwa, don in cika kayan da zan baje. Duk wadda ta taɓa riƙe kwarashi ta san awa nawa mayafin jariri ɗaya yake ci, balle seti guda da hula da safa. Ana saura kwana biyu sai ga saƙon murya, tana kuka, wai an yi mata rasuwa, an ɗage taro da mako biyu. Muka bi ta da ta'aziyya, wasu har da addu'o'i masu tsawo. Da lokacin ya sake matsowa aka ce ana gyaran ɗakin taron. A nan ne na roƙi ƙanen maigidana ya je ya gani da idonsa. Manajan wurin ya buɗe masa littafi, ranar da aka ba mu biki ne aka kama wa, kuma ya ce bai taɓa jin labarin wani baje kolin saƙa ba. Na tura mata tambaya da rana. Kafin magariba ta fitar da kowa daga zauren, lambobinta duka a kashe.

Kwalayen ulun kuwa, da yawa ba su ga komai ba. Mu da namu ya iso, layin sama ne kawai na kirki. Na ƙasa an naɗe zaren ne a kan soso da guntun kwali don curin ya yi girma, kana warwarewa kaɗan ka tarar da shi. Wasu curin guntaye ne aka ƙuƙƙulla, duk 'yan taku sai ƙulli, ba abin da za ka saƙa da shi ya fito da kyau. Ja da shuɗin suna zuba a ruwa, irin wanda in aka wanke rigar jariri sau ɗaya farin da ke jikinta ya tashi aiki.

Don Allah ku riƙa gwada kaya kafin ku sayi mai yawa, kuma daga ƙasan kwali za ku zaro, ba wanda aka miƙo muku ba. Ku matsa curin da hannu, ku zura yatsa ta tsakiyarsa. Ku ɗora shi a ƙaramin sikeli ku ga ko ya kai giram ɗin da aka rubuta a takardar jikinsa. A takardar kuma akwai lambar kala da lambar rini, kuma in lambar rinin ta bambanta za ku iya ganin bambanci a tsakiyar riga ko da kalar ɗaya ce. Ku jiƙa ɗan guntu ku goga a farin ƙyalle. In an ce muku gashin tumaki ne na asali ana neman kuɗi mai yawa, ku yanki kaɗan ku sa masa ashana a waje: na gashi yana warin ƙonannen gashi ya murmushe, na auduga yana warin takarda ya bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi baƙi da tauri. Na robar ba laifi ba ne, da shi yawancinmu muke aiki, laifin a sayar maka da shi da sunan wani abu.

Game da baje koli, ba cewa nake duk ƙarya ba ne. Na Kano da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa a filinta na titin gidan Zoo wajen ƙarshen shekara kowa ya san shi, haka na Kaduna da KADCCIMA ke yi a kan hanyar Zariya. Suna da ofis da za ka shiga da ƙafarka ka yi tambaya. Akwai kuma ƙananan da mata 'yan kasuwa ke haɗawa tsakaninsu, na sha zuwa na yi ciniki, alhamdu lillahi. Bambancin shi ne mai shirya na gaskiya ba ta jin haushi in ka ce za ka je ka ga wurin. Saboda haka kafin ku tura ko sisi, a sami wanda zai je ɗakin taron ya tambayi masu wurin ko an kama ranar, da sunan wa aka kama. Kar ku kira lambar da mai tallar ta ba ku a matsayin ta manaja, don mutuminta ne zai ɗauka. In ta ce kamfani ne, ana iya duba sunan a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sannan a ga ko ya zo ɗaya da sunan da ke kan asusun. In ta ce tana da shago, ta faɗi kasuwa da layi da lamba, a aika yaro ya leƙa.

Shagon da ke cikin bidiyon ma daga baya wata a cikinmu ta gane shi. Na wani bawan Allah ne a kasuwa, bai san matar ba, daga shafinsa ta kwashi hotunan, kuma har an fara zuwa ana yi masa rigima a kan kuɗin da bai gani ba. Abin ya sa na ji nauyin mai shagon da nake saye a wurinsa shekara da shekaru, wanda yake ajiye min ragowar kalar da na fara aiki da ita, ya canza min in na ɗauki wadda ba ta dace ba, wani lokacin ya ba ni bashi sai na sayar. Na bar shi saboda ragin da bai taka kara ya karya ba.

Wadda ta riga ta biya, kar ta goge komai. Ta adana rasit da lambar asusu da saƙonnin murya da hoton tallar, ta je bankinta da wuri ta shigar da ƙorafi a rubuce, don jinkiri yana ba su damar kwashe kuɗin. Sannan ta kai rahoto wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC, suna da reshe a Kano. Na san akwai waɗanda suka yi shiru don ba su gaya wa mazajensu sun tura kuɗin ba, wasu kuma kunya suke ji. 'Yar uwa, ke aka zalunta, kuma shirun nan ne ya ba ta damar dawowa da sabon suna. Mu da muka kai ƙara an ce mana yawan masu shaida yana ƙarfafa magana, don haka duk wadda abin ya shafa ta nemi malamar da ta koya mata saƙa ko shugabar ƙungiyarsu a haɗa takardun wuri ɗaya. Ɗalibar tawa dai na ce mata ta riƙe kuɗinta, kuma ta tura wannan ga duk wadda ta san an aika wa tallar.