Sauti ya ɗauke bayan cire iyafis: laifin saiti ne ko na ramin da ake sokawa?

Wani ɗan'uwa ya kawo tambaya cewa laftof ɗinsa mai Windows 11 tana aiki lafiya lau har ranar da ya zare iyafis daga jikinta. Tun daga nan sifikokinta suka yi gum. In ya mayar da iyafis sauti na zuwa tangaram a kunne, in ya cire kuma shiru. Yana so ya san wanne ya fi: ya sauke sabon direban sauti, wato manhajar da ke haɗa Windows da kayan sautin kwamfutar, ko ya kai wa mai gyara a canja sifika.

Malam, shawarata kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Wannan matsalar ta kasu gida biyu. Ko dai kwamfutar ta san ka cire iyafis amma ba ta mayar da sautin ga sifika ba, wanda laifin manhaja ne, ko kuma ba ta ma san ka cire ba, a wurinta har yanzu yana nan a soke, wanda laifin ramin ne. A kunne shirun iri ɗaya ne, sai dai maganin wannan ba ya yi wa wancan komai, shi ya sa mutum zai kwana yana sauke direbobi alhali ɗan ƙarfe ne ya maƙale.

A cikin ramin nan mai faɗin milimita 3.5 akwai wani siririn ƙarfe wanda ba sauti yake ɗauka ba, aikinsa sanarwa kawai. In kan iyafis ya shiga sai ya ture shi, in ya fita sai ya koma mazauninsa, kamar ɗan maɓallin ƙofar firji da ke kashe fitilar ciki in an rufe. A tsofaffin rediyoyi wannan ƙarfen da kansa yake yanke wayar sifika. A laftof na zamani ba haka ba ne. Tun da Intel ta fitar da tsarin High Definition Audio a 2004 ya maye gurbin tsohon tsarin AC'97, ƙarfen yana shaida wa ɗan guntun lantarkin da ke kula da sauti ne, wanda a laftof da yawa na kamfanin Realtek ne, shi kuma ya shaida wa direba, sannan direba da Windows su yanke inda sautin zai bi. Ka ga saƙon yana bin hannu biyu ke nan, na ƙarfe da na manhaja, kuma kowannensu na iya riƙe shi.

Gwajin da ke raba gardama ba ya cin minti biyu. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka danna Enter. Taga za ta buɗe da jerin na'urorin da ke fitar da sauti a ƙarƙashin Playback. Ka zuba mata ido, ka soka iyafis, ka zare, ka sake sokawa. Idan ka ga Headphones yana kunnuwa yana dusashewa daidai da motsin hannunka, ramin lafiyarsa ƙalau, saƙo yana isa, abin da ya rage na saiti ne. Idan kuwa ka zare amma Headphones ya ci gaba da zama a kunne kamar ba abin da ya faru, to zargi ya koma kan rami. Akwai laftof ɗin da ke haɗa sifika da iyafis a ƙarƙashin suna ɗaya, ba za ka ga sunan ya canja ba ko da komai lafiya. A irin waɗannan ka buɗe Realtek Audio Console in tana kan kwamfutar, don tana nuna ko akwai abin da ke soke a ramin, ko ka lura ko lambar ƙarfin sauti tana tsalle lokacin da ka soka.

Sauran alamomin ma in ka jera su gefe da gefe ba sa kama da juna. Laifin manhaja yakan zo ne bayan wani abu ya canja: Windows ta yi sabuntawa, an jona talabijin ta HDMI, an haɗa sabuwar na'urar Bluetooth, ko an zare iyafis lokacin da kwamfutar ke barci ta farka ba ta ga canjin ba. Yakan tafi in an sake kunna ta, ko da zai dawo daga baya. Laifin rami kuwa bai damu da sake kunnawa ba. Shi da taɓawa yake amsawa: ka ɗan karkata kan iyafis yayin zarewa sai sauti ya dawo, gobe ya sake ɗaukewa, wani lokaci ka ji ƙarar ƙyas-ƙyas in wayar ta motsa. Kuma yakan taso a hankali, yau sai an soka sau biyu, bayan wata guda sai an yi ta fama. Na manhaja dare ɗaya yake faɗowa.

Idan kuma iyafis ɗinka na USB ne ko na Bluetooth, ka cire rami daga lissafi gaba ɗaya. Waɗannan Windows tana ɗaukar su a matsayin na'urar sauti mai zaman kanta, ba su da hulɗa da wancan ƙarfen, don haka matsalarka ta saiti ce.

Mu fara da ɓangaren manhaja, domin shi ne wanda ba ka da abin asara in ka gwada. A wannan tagar ta mmsys.cpl, ka duba inda koren alamar take. Sau da yawa za ka tarar tana kan talabijin ko allon da aka taɓa jonawa, ko wata sifikar Bluetooth da ke kunne a wani ɗaki tana karɓar sautin ba ka sani ba. Ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kan Speakers, ka zaɓi Set as Default Device. In ba ka ga Speakers a jerin ba sam, ka danna dama a farin fili ka kunna Show Disabled Devices, mai yiwuwa an kashe ta ne bisa kuskure. Sai ka duba ƙarfin sautin bayan ka zare iyafis, ba kafin nan ba. Wannan ƙaramin abu yana ruɗa mutane ƙwarai, saboda kwamfutoci da yawa suna ajiye ma'auni daban ga kowanne: na iyafis yana iya zama a 60, na sifika kuma a sifili ko a kashe, kuma ba za ka ga na sifikar ba muddin iyafis na ciki.

Wani lokaci ma Windows ta koma sifika, manhajar da kake amfani da ita ce ta ƙi sakin tsohuwar hanya. Ka gane haka in sautin gwaji na Windows yana fita amma bidiyon da ke burauza shiru. A Settings, ƙarƙashin System da Sound, akwai Volume mixer inda kowace manhaja ke da nata zaɓin mafita. Ka mayar da ita kan Default, ko ka rufe ta ɗungurungum ka sake buɗewa.

In duk wannan bai yi ba, ka sake kunna kwamfutar, amma da Restart, ba Shut down ba. Wannan bambancin yana da muhimmanci kuma mutane kaɗan ne suka san shi. Tun Windows 8 a 2012 akwai tsarin Fast Startup, wanda in ka kashe kwamfuta yake adana halin da zuciyar Windows da direbobi suke ciki a faifai don ta tashi da sauri. Ma'ana in direban sauti ya rikice, ka kashe ka kunna, da rikicinsa zai dawo. Restart ne ke loda shi daga farko. Mutum zai rantse ya kashe ya kunna har ya gaji, kuma gaskiya ya faɗa, amma direban bai taɓa tashi sabo ba. Wanda ba ya son rufe aikinsa yana iya buɗe services.msc ya sake tayar da Windows Audio Endpoint Builder, wanda zai ja Windows Audio tare da shi.

Sai a nan ne maganar direba ta shigo, kuma ko a nan na fi son komawa baya a kan ci gaba. Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawa, ka buɗe Device Manager, ka shiga Sound, video and game controllers, ka duba ko Roll Back Driver yana dannuwa a kan na'urar sautin. In zai yiwu, ka koma wanda yake aiki a da. In kuma sabo za ka sauke, daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin za ka ɗauko, da ainihin lambar samfurinta. Dalili shi ne kowane kamfani yana da yadda ya jera wayoyin rami da sifika a allon lantarkin da ke cikin kwamfutarsa, kuma sababbin laftof da yawa suna da ƙaramin amfilifaya na musamman, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, da ba ya aiki sai da direban kamfanin. Manhajojin nan masu alƙawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, don Allah ka nisance su. Sukan ɗora wanda ya yi kama da naka amma ba shi ba, ka tashi da matsala biyu.

Yanzu ɓangaren rami. Abubuwan da ke hana ƙarfen komawa mazauninsa sanannu ne: ƙura da zaren jaka da suka dunƙule a ciki, tsatsa bayan danshi ya shiga, ƙarfen da ya lanƙwashe saboda an saba fizgar waya ta gefe, ko dalmar da ta riƙe ramin a allo ta tsage. Akwai ma lokacin da tsinin kan iyafis ke karyewa ya zauna a ciki, don haka ka dubi kan naka ka ga ko cikakke ne, sannan ka haska ramin da tocila. Ka kashe kwamfutar, ka cire caja. Ka soka iyafis ka zare a miƙe, a hankali, sau da yawa, domin wannan kaɗai yakan saki ƙarfen da ya ɗan maƙale. In akwai datti, ka fesa iska daga gwangwanin da ake share na'urori da shi, ko ka ɗauko shi da siririn tsinken katako. Kana iya shafa ɗigon sinadarin isopropyl a kan iyafis ɗin ka juya shi a ciki, ka bari ya bushe kafin ka kunna. Allura da fil da duk wani abu na ƙarfe, kada su shiga ramin nan. Ƙarfen da kake son gyarawa siriri ne, in ka ƙara lanƙwasa shi ba mai miƙe shi daga waje.

Masu tsofaffin MacBook Pro na kafin 2016 sun san wannan ciwon da wata fuska. Raminsu yana iya fitar da sauti ta haske, to in maɓallin ya maƙale sai ka ga jan haske yana fitowa daga ciki, sifika kuma shiru. Wannan jan hasken shaida ce kai tsaye cewa rami ne.

Idan bayan duk wannan ba ka tabbatar ba, akwai alƙalin da ba ya son kai: ka tayar da laftof ɗin da wani tsarin da ba Windows ba. Ka ɗora Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a filas, ka zaɓi gwadawa ba tare da girkawa ba, fayilolinka ba abin da zai same su. In sifika ta yi magana a can, kayan ƙarfenka lafiya suke, ka koma ka ci gaba da binciken direba. In can ma ya nuna Headphones alhali ba komai a soke, magana ta ƙare, rami ne. Sai dai in laftof ɗin sabuwar fitowa ce, shirun Ubuntu kaɗai ba hujja ba ne, don mai yiwuwa bai san amfilifayarta ba tukuna. Sunan da ya nuna shi ne abin dubawa. Kwamfutocin HP suna da gwajin sauti a cikin manhajar binciken da ake shiga da Esc sannan F2 yayin tashi, na Dell kuma ana shiga nasu binciken ta F12.

Batun canja sifika da ka ambata shi na sa a ƙarshen layi. Ba wai sifika ba ta mutuwa ba ne, tana mutuwa, amma yawanci sai ta yi gargaɗi: ta fara karkarwa, ko gefe ɗaya ya ɗauke ya bar ɗayan. A ce duka biyun sun mutu tare, kuma daidai lokacin da ka zare iyafis, abu ne mai wuya. Za a yi zarginta ne in kwamfutar ta nuna Speakers, rami yana amsawa daidai, amma shiru a Windows da wajenta. Ko a nan ma a fara duba ko wayarta ce ta zame daga allo. Haka nan sake girka Windows gaba ɗaya saboda wannan, ban ga dalilinsa ba, tunda gwajin filas zai ba ka amsar da girkawar za ta ba ka ba tare da ka goge komai ba.

In ta tabbata rami ne kuma sharewa ba ta yi ba, nauyin gyaran ya danganta da ƙirar laftof ɗin. A wasu, ramin yana kan ɗan ƙaramin allo na daban, sau da yawa tare da kafar USB, ana kwance shi a sa wani. A wasu kuma a jikin babban allo aka liƙa shi da dalma, wanda sai mai hannu a aikin ya kamata ya taɓa. Ka faɗa wa mai gyaran abin da ka gani a gwajin tun kafin ya buɗe, don kada ya fara da sifika. Kafin nan kana da mafita: sifikar USB ko ta Bluetooth ba ta bi ta ramin, za ta yi aiki yau ɗin nan. Wasu nau'o'in manhajar Realtek suna da zaɓin kashe gano abin da aka soka, mai amfani da Linux kuma yana iya buɗe alsamixer, manhajar saitin sauti ta can, ya kashe Auto-Mute Mode, sai dai da wannan na biyun sauti zai riƙa fita ta sifika ko da iyafis na kunnenka, don haka ka kula in kana cikin mutane.