Jirgin Suva zuwa Funafuti: ya cancanci kuɗinsa

Wallahi duk mai son zuwa Tuvalu, ƙaramar ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, ya sani tun yanzu, hanyar da aka fi bi ita ce ta Fiji, daga filin jirgin Nausori da ke gefen Suva, babban birnin Fiji. A taswira kamar maƙwabta ne, amma tsakanin Suva da Funafuti, babban birnin Tuvalu, sama da kilomita 1,000 ne, kusan awa 2 da rabi a sama, kuma galibin hanyar ƙasanka ruwa ne kawai.

Jirgin ATR 72 ne, mai farfela, yana da ɗan ƙara amma kujerun ba laifi, ma'aikatan kuma akwai fara'a da haƙuri. Abin da ya fi burge ni shi ne saukar. Tsibirin Fongafale, inda filin jirgin Funafuti yake, siriri ne sosai, ta taga kana ganin teku dama da hagu, har ka fara tunanin ina za a samu wurin sauka, sai ga titin da sojojin Amurka suka gina a 1943 lokacin yaƙin duniya na biyu. Ba katanga fa! Jiniya ake kunnawa mutane da masu babur su kauce, da yamma kuma nan matasa ke buga ƙwallo.

Tikiti akwai tsada gaskiya, kuma ba kullum jirgi ke zuwa ba, don haka a yi bukin da wuri, a bar kwana ɗaya ko biyu a Fiji kafin jirgin gaba. A riƙe dalar Ostireliya a hannu, da ita ake ciniki a Tuvalu.