Death Magnetic na Metallica: miyar ta yi daɗi, amma tana ƙauri

Duk wanda zai sayi wannan faifai na Metallica, ƙungiyar mawaƙan metal ta Amurka, a CD, bugun farko na Satumban 2008, gara ya sani tun bai yage ledar ba: sautinsa a fashe yake. Ba lasifikarka ba ce ta lalace, ba jabu aka sayar maka ba, haka ya fito daga kamfani. Na gwada shi a na'ura uku, na gwada da iyafis mai kyau, duk kanwar ja ce. Da zarar ganguna sun shigo sai ka ji wani ƙyas-ƙyas a bayan kowane bugu, kamar amsa-kuwwar mai tallan magani da aka ƙure wa murya a bakin kasuwa. Rage ƙara ba ya magani, domin fashewar tana cikin faifan ne, ba a bakin lasifika take faruwa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne waƙa ta huɗu, "The Day That Never Comes". An gina ta ne a kan tsarin da suka saba tun "Fade to Black" ta 1984 da "One" ta 1988: a fara da jita mai laushi, a riƙa hawa sannu a hankali, a ƙare da gudu. Irin wannan waƙa duk armashinta yana cikin tazarar da ke tsakanin laushin farko da rugugin ƙarshe. To a nan babu tazarar. Ƙaramar gangar tsakiya tana shigowa tun a wurin laushin da ƙarfin da ya kamata a ajiye wa ƙarshe, kowane bugu yana tsagewa. Lokacin da aka iso wurin gudun, bayan minti biyar da wani abu, babu sauran inda za a hau. An riga an kai rufi tun a tsakar gida.

Dalilin ba boyayye ba ne. Faifan CD yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a ma'aunin bit 16, kuma yana da iyakar ƙara da ba a wuce ta, wato sifilin desibel. Daga wannan iyaka zuwa shiru akwai fili na kusan desibel 96, fili mai yalwa. Mai son faifansa ya fi na kowa ƙara ba shi da ikon ɗaga rufin, abin da zai iya kawai shi ne ya danne wuraren da suka yi tsini, sannan ya ɗago sauran gaba ɗaya. Kamar mai awon hatsi ne da ya cika mudu har ya yi tozo, sannan ya sa tafin hannu ya share tozon. Idan aka yi da sauƙi kunne ba ya lura. Idan aka wuce gona da iri, kan kowane bugu yakan yanke ya zama shafaffe, wannan yankewar ita ce ƙyas-ƙyas ɗin da ake ji. Ganguna da farantan tagulla su suka fi shan wuya, don su ne masu tsini.

Wanda yake son ya gani da idonsa, abu ne na minti goma. A kwafe waƙar daga faifai zuwa kwamfuta a tsarin WAV, ba MP3 ba, don kada a ɗora wa matsewar fayil laifin da ba nata ba. A buɗe ta a Audacity, manhajar gyaran sauti, a buɗe "Battery" daga tsohon bugun Master of Puppets, faifansu na 1986, a ƙasanta. Zanen "Battery" yana da tudu da kwari: jitocin katako na farko sirara ne, sai su kumbura idan sauran kaya sun faɗo. Zanen ɗayar kuwa bulo ne, daga wannan bango zuwa wancan. A ƙara girman zanen a kan bugun ganga guda ɗaya, za a ga kansa a miƙe kamar an sa rula. Sai kuma a rage ƙarar sabuwar har ta yi daidai da tsohuwar kafin a saurara, domin kunne mayaudari ne, duk abin da ya fi ƙara yakan ɗauka ya fi daɗi a daƙiƙun farko. Da an daidaita su, tsohuwar ce ke naushi a ƙirji, sabuwar sai ta koma siririya, a takure.

Kuma ba a rasa sauti mai kyau na waɗannan waƙoƙi ba, nan ne takaicin yake. A daidai lokacin da faifan ya fito an saki waƙoƙin a wasan bidiyo na Guitar Hero III, kuma na cikin wasan ba a danne su haka ba. Masoya suka riƙa kwatanta biyun, har suka tara sa hannu a intanet suna neman a sake haɗa sautin. Ted Jensen, wanda ya yi tacewar ƙarshe, ya bayyana cewa a danne sautin ya iso hannunsa. Rick Rubin ne furodusa. Lars Ulrich, mai gangar ƙungiyar, kuma ya kare faifan, ya ce shi a mota yake saurare kuma ya yi masa. A mota kam zai yi, inda ƙugin inji da iska ke haɗiye rabin abin da ke fitowa. Amma mutum ya biya kuɗin faifai sannan a ce na wasan yara ya fi nasa tsabta, wannan da ciwo.

Yanzu ma dabarar ta zama aikin banza. Spotify da YouTube suna daidaita ƙarar waƙoƙi da kansu, duk wadda ta cika ƙara sai su sauke ta. Ƙarar da aka saya da fashewa ta tafi, fashewar ta zauna.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, idan kunne ya haƙura da ƙaurin, akwai nama a miyar nan. Bayan St. Anger na 2003 ban zaci mutanen nan za su sake rubuta irin "All Nightmare Long" ba. St. Anger fa faifai ne da babu solon jita ko ɗaya a cikinsa, gangarsa tana amo kamar ana dukan garwar kananzir da babu komai a ciki, jitocin an sassauta musu tsirkiya har ƙasa, bes ɗin ma furodusa Bob Rock ne ya kaɗa domin mai bes ɗinsu Jason Newsted ya riga ya tafi. A Death Magnetic hannun daman James Hetfield, mawaƙinsu kuma mai jita, ya dawo. Shi ne ainihin injin ƙungiyar tun asali: bugun tsirkiya ƙasa-ƙasa ba tare da komowa sama ba, irin wanda ya riƙe waƙar "Master of Puppets" a gudun da ya haura bugu 200 a minti. Yana da shekara 22 lokacin da aka ɗauki faifan Master of Puppets a situdiyon Sweet Silence da ke Kopenhagen, yana da 45 lokacin da wannan ya fito, kuma hannun bai yi sanyi ba. "That Was Just Your Life" ta buɗe da bugun zuciya, sannan ta zabura kamar ba su taɓa yin faifayensu masu sanyin gudu, Load da Reload, ba. "My Apocalypse", mafi gajarta, wajen minti biyar, ita ce ta fi kama da 'ya'yan 1986, ita ce kuma ta ci lambar yabo ta Grammy. Kirk Hammett, mai solon jita, ya samu wurin sakewa, ko da yake ya cika taka fedar "wah-wah" mai sa jita ta yi kuka, har solo uku su yi maka kama da juna. Robert Trujillo, sabon mai bes, a faifansa na farko da su, ana jin sa sarai a "Cyanide". Wannan kaɗai ci gaba ne ga ƙungiyar da ta binne bes ɗin Newsted a faifan 1988 har ana tambayar ko ya zo situdiyo ma.

Muryar Hetfield ta canza, ba na ganin laifinsa. Kaushin ƙuruciya ya tafi, yanzu rerawa yake yi da lissafi. A "The Unforgiven III", mai buɗewa da fiyano, hakan ya dace. A wuraren gudu kuwa wani lokaci sai ka ji dattijo ne ke kwaikwayon fushin da ya yi yana saurayi.

Da a nan na tsaya da na ce a saya. Amma tsawon waƙoƙin ya sake tayar min da haushi. Master of Puppets waƙa takwas ne a minti 54 da 'yan kai, Death Magnetic waƙa goma a kusan minti 75. A zamanin faifan garmaho kowane gefe yana da iyakar abin da zai ɗauka, dole a zauna a yanke, kuma furodusansu na lokacin Flemming Rasmussen da yaran nan sun yanke. Dogayen waƙoƙinsu na da, kowane sashe yana haifar da na gaba. A "Orion" ta Master of Puppets, wadda kiɗa ne zalla, ana tafe da ƙarfi, sai komai ya lafa, bes ɗin Cliff Burton, mai bes ɗinsu kafin Newsted, ya ɗauki wani sabon zance a hankali, jitoci biyu su bi shi a jere. Wannan tsakiyar ita ce waƙar. "Suicide & Redemption", wadda aka yi don ta zama magajiyarta, ta kusa minti goma, kuma ji take kamar an zube zubin jita bakwai a tabarma an ɗinke su da zare. Kowanne da kyansa, amma ka cire na uku ka sa a gurbin na biyar babu wanda zai lura. "The End of the Line" da "The Judas Kiss" duk za su fi kyau da an rage musu minti biyu-biyu. Tun rasuwar Burton a hatsarin mota a Suwidin, a Satumban 1986, ba su sake samun mai irin wannan kunnen na jera sassa ba. Cutar kuma ba ta warke ba, domin Hardwired na 2016 da 72 Seasons na 2023 kowanne ya kai minti 77, duk da cewa sautinsu ya fi wannan tsabta nesa ba kusa ba.

Tsawon da fashewar kuma haɗuwa suke yi su gajiyar da mutum. Sautin da ba ya sauka ba ya barin kunne ya huta, shi ya sa wajen waƙa ta shida za ka ji kanka ya yi nauyi, hannunka na neman maɓallin ragewa, alhali faifansu na 1984, Ride the Lightning, za ka ƙure shi daga farko har ƙarshe ba ka ji komai ba. Ni yanzu huɗu nake ɗauka a ciki, ta ɗaya, ta biyar, ta shida da ta goma, sauran sai jefi-jefi.

An sake fitar da faifan a iTunes a 2015 da sautin da aka sassauta wa matsi, kuma ganguna sun samu numfashi a can. Mai son waƙoƙin ya nemi wannan. CD ɗin 2008 kuwa, sai dai mai tara faifai da ke son kwalin nan mai hoton kabari da garin ƙarfe ya kewaye, ya jera shi kusa da 'yan'uwansa a kanta.