Lesin ɗin bayoloji na yamma a garinmu, ga abin da na gani

Salam 'yan uwa. Masu tambayata a kan lesin ɗin da wani malami ya buɗe a nan wajenmu ta ɓangaren Ringim, wanda ake yi bayan la'asar a zauren gidansu, ga amsa a dunƙule don na gaji da maimaitawa. Ƙanina da ke SS3 yana zuwa kuma ni nake biya, kun ga ina da bakin magana. Bayoloji da kemistiri yake koya wa masu shirin WAEC da NECO da JAMB, biya wata-wata ne ba tsada, in babu ma yana ɗaga ƙafa har kaka.

Na san abin da ya jawo tambayar, maganar Darwin ce, wato masanin halittun nan ɗan Ingila, don an baza a gari wai yana koya wa yara mutum daga biri ya fito. Shi ya sa na je na zauna a baya lokacin da suke wannan babin.

Malam bai fara da biri ba kwata-kwata. Tambaya ya yi, wa ya taɓa ganin babansa yana ware iri? Duk suka ɗaga hannu. Ya ce to ai zangarniyar geron da ta fi cika ake ajiyewa don baɗi, haka akuyar da ke haifar tagwaye ba ita ake fara kaiwa kasuwa ba, in aka daɗe ana haka sai irin ya canja. Ashe shi ma Darwin da wannan ya buɗe littafinsa na 1859 a kan asalin nau'o'in halittu, babin farko duk zancen dabbobin gida da shuke-shuke ne, kuma mutumin kiwon tantabara ya yi sosai a gidansa a Ingila, ya nuna cewa duk kalolin nan daban-daban daga tantabarar daji guda suka samo asali. Wallahi da samarin nan masu ɗakin tantabara suka ji haka sai suka gyara zama.

Daga nan ya ce to a daji wa ke zaɓen? Fari da yunwa da cuta da shaho. Abin da ake haifa ya fi abincin da ke akwai yawa, wanda ya dace da wurin shi ke saura ya hayayyafa, 'ya'yansa su gaji halinsa. Ya kawo misalin kulorokwin, da can shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, yanzu an koma wasu magungunan saboda ƙwayoyin cutar da suka jure masa su suka yi saura suka yaɗu. Wannan kam ko kakata za ta shaida.

Tarihin ma bai tsallake ba, tafiyar Darwin a jirgin ruwa Beagle daga 1831 zuwa 1836, tsibiran Galapagos na tekun Pasifik da ya ziyarta a tafiyar, sannan Alfred Wallace wanda ni ban taɓa ji a makaranta ba, mai tattara tsuntsaye da ƙwari a tsibiran da yau suke Indonesiya, shi ma ya kai ga wannan tunanin da kansa ya aika wa Darwin a 1858, aka karanta aikinsu tare a Landan a shekarar.

Wani yaro ya ce Malam to mutum fa? Bai yi kwana-kwana ba, ya ce eh, a littafin 1871 Darwin ya ce mutum da manyan birai kakansu ɗaya, kuma a ƙarshen rayuwarsa shi da kansa ya ce ba shi da tabbas a kan samuwar Ubangiji. Ya ce mu kuma imaninmu Annabi Adamu Alaihissalam daga ƙasa aka halicce shi, wannan ba ya cikin abin da zai taɓa muku, jarrabawa kuma abin da Darwin ya faɗa za ta tambaye ku, sai ku san shi daidai. Ya ƙara da cewa Wallace ɗin ma a kan maganar mutum suka raba hanya da Darwin, Wallace ya ce zaɓin yanayi, wato wancan zaɓen na daji, shi kaɗai ba zai bayyana hankalin ɗan Adam ba. Ni dai a nan ya burge ni, bai ɓoye komai ba, bai zagi kowa ba, yaran kuma ba wanda ya fita a ruɗe.

Matsala akwai fa. Zauren ya yi kaɗan, benci bai isa ba, 'yan mata a tabarma suke daga bakin ƙofa ba sa ganin allo sosai, wannan ya kamata ya gyara. Ba ya raba takardu sai kwafa, rabin lokaci a rubutu yake tafiya, Mendel mai binciken yadda ake gadon halitta da wakensa na gwaji kuwa a guje aka wuce su alhali ana tambayarsu a jarrabawa. Hausar ma ta yi yawa, ana ganewa amma da Turanci za su amsa. Da damina in aikin gona ya riƙe shi sai yara su zo su tarar da zaure a rufe ba sanarwa. Kemistiri kuwa ba kayan gwaji ko ɗaya, zane ne kawai.

In bayoloji ne damuwarku ku kai yaranku, su je da wuri su kama benci, a kuma saya musu littafin tsofaffin tambayoyi daban. Kemistiri a nemi ƙari a wani wurin.