Littafin Aljihu, Manhajar Waya ko Scrivener: Me Ya Kamata Marubucin Labari Ya Zaɓa?

Duk wanda ya taɓa rubuta ƙagaggen labari ya san cewa tunanin labari ba ya sallama idan zai shigo, ba ya kuma ban kwana idan zai fita. Za ka ji wata magana a bakin mutum biyu da ke gardama, ka ce sai ka natsu za ka rubuta, kafin dare ta bi ruwa. Saboda haka, kafin marubuci ya kashe kuɗinsa, ya kamata ya raba bukatarsa gida biyu: abin da zai kama tunani da shi nan take, da abin da zai gina labarin da shi har ya zama babi-babi. Da wuya abu guda ya yi ayyukan nan biyu da kyau.

Wajen kama tunani, har yanzu ban ga abin da ya fi littafin aljihu da biro ba, domin ba ya neman caji, kuma babu saƙon da zai faɗo ya ɗauke maka hankali. Aibinsa yana bayyana ne bayan littattafan sun taru, lokacin da za ka zauna kana buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya kana neman sunan da ka raɗa wa wata tauraruwa tun bara. Idan za ka saya, ka ɗauki ɗinkakke, domin wanda aka manne da gam yakan zubar da shafukansa. Ka sa wa kowane shafi lamba, ka bar biyun farko domin jera abin da ke ciki.

A ɓangaren manhajojin waya na ajiye rubutu, Google Keep, wanda ya fito a 2013, kyauta ne, yana karɓar rubutu da hoto da murya, kuma kalma guda ta isa ka nemo abin da ka ajiye. Sai dai mai rubutu da Hausa ya lura: idan yau ka rubuta "ƙarfe", gobe ka rubuta "karfe", ba lallai ne binciken ya fito da duka biyun ba, don haka ka tsaya a kan ƙa'ida ɗaya. Shi kuwa Evernote, tun ƙarshen 2023 ya taƙaita tsarinsa na kyauta zuwa rubutu 50, abin da marubuci mai himma zai cika cikin ɗan lokaci.

Idan labari ya fara girma, taurari sun yi yawa, sai maganar Scrivener, manhajar tsara dogon rubutu, ta taso. Kamfanin Literature and Latte na Ingila ne ya fitar da shi a 2007. Kowace fitowa tana da katinta a kan allo, wanda za ka rubuta taƙaitaccen bayani a kai, kuma idan ka ja katin daga babi na tara zuwa na uku, rubutun gaba ɗaya zai bi shi. Sau ɗaya ake biyan kuɗin lasisinsa, kuma yana ba da gwaji na kwana 30, wanda ake ƙirgawa da ranakun da ka buɗe shi kawai. Amma babu shi a wayar Android, kuma wanda bai da komai sai jigo da sunaye biyu bai kai ga bukatarsa ba tukuna.

Obsidian, da ya fito a 2020, ya fi dacewa da mai dogon labari mai dangi da zuriya, domin yana haɗa bayanin tauraro da na garinsu da na abokin gabarsa, yana kuma ajiye komai a na'urarka ba tare da bukatar intanet ba. Koyonsa yana cin lokaci. Duk da haka shi nake fifitawa a kan sauran manhajojin, saboda ko da an daina yin sa gobe, kowace kwamfuta za ta iya buɗe fayilolinsa ta nuna maka rubutunka yadda ka bar shi.