Kejin kaji na masu walda: ƙarfen ya yi kyau, ragar ce ta cuce ni

Wannan keji mai ɗaukuwa da masu walda ke jerawa a bakin titi, mai rufin kwano da ragar waya, shi na saya domin sabbin kajin Noiler (irin da ake kiwo don nama da ƙwai) guda shida 'yan sati biyar, a gidan da akwai kare da kyanwa. Tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1. Mai sayarwa ya rantse cewa babu abin da zai taɓa kaza a cikinsa. Wannan maganar ba haka take ba, kuma har yanzu tana ci mini rai.

Matsalar daga ragar take. Siririyar wayar nan ce mai murɗaɗɗen saƙa, idonta ya kai inci 2. An yi ta ne don ta hana kaza fita, ba don ta hana wani abu kaiwa ga kaza ba. Ƙananan kaji kuwa idan dare ya yi sukan taru a kusurwa ɗaya, su jingina da raga, kuma kaza ba ta gani a duhu, ko an taɓa ta ba ta san inda za ta nufa ba. Haka wani muzuru ya zura hannu har kafaɗa ya finciko fiffiken ɗaya, ya yi ta ja ta cikin idon wayar. Kazar ba ta kai safiya ba. Ƙofa a rufe, sakata a sanye, raga ko tsinkewa ba ta yi ba, ga gawa a ciki. Wanda ya ƙera abin ya san gidajenmu cike suke da kyanwoyi, me ya hana shi faɗa wa mai saye?

Gyaran da ya zama dole: a sayo raga mai kauri wadda aka yi wa walda, mai ido rabin inci, a zagaye kejin da ita daga ƙasa zuwa aƙalla santimita 60, a ɗaure da waya duk bayan taƙi guda. A gitta sandar kwana a tsakiya, kamar santimita 30 daga ƙasa, nesa da bango, don su daina kwanciya a jikin raga. Kejin ba shi da gindi, tsakar gida kuma ba ta taɓa zama daidai, saboda haka akwai giɓin da gafiya za ta bi, kare ma yana iya tonawa. Sai an shimfiɗa ragar a ƙasa ta waje, faɗin santimita 30, an danne da bulo.

To, gaskiya bayan wannan gyara kejin ya yi abin da ake so wajen sa kare da kaji su saba da juna, kuma a nan na yaba masa ƙwarai. Mutum biyu na ɗaga shi ba wahala. Sabbin kaji suna bukatar a keɓe su sati biyu zuwa uku nesa da tsofaffin kajin gida, a ba su Lasota, maganin rigakafin cutar Newcastle, a ruwan sha, a lura da tari, zawo ko kumburin ido. Daga nan sai a matso da kejin inda kare ke wucewa kullum, ya riƙa ganinsu yana jin ƙanshinsu ba tare da ya iya kai musu ba. A fara kawo karen da igiya a wuya, bayan ya ci ya ƙoshi. Jikinsa ne zai gaya maka matsayinsa: idan ya ƙura ido, kunnuwa a miƙe, jiki ya sandare, kai ya yi ƙasa yana sanɗa, bai shirya ba, a ja shi baya har inda zai huce. Ranar da ya kalle su ya kau da kai ya kwanta, a ba shi ɗan abin taɓawa nan take. Duka ba ya gyara kare a wannan sha'ani, sai dai ya koya masa jira har ka bar gida. Rataya masa mushen kaza a wuya da wasu ke yi shi ma ɓata lokaci ne.

Sakin kajin na farko a yi shi bayan la'asar sakaliya, kamar sa'a guda kafin magariba, kare na ɗaure, kyanwa na ɗaki. A lokacin ba za su yi nisa ba, duhu zai koro su. A saba musu da kira ɗaya, a kaɗa tsaki a gwangwani duk sanda za a ba su abinci. Kowace rana a ƙara musu lokaci kaɗan. Kwanon abincin kare a ɗauke shi kafin a sake su, domin kaza ba ta da kunya wajen tsoma baki, kuma ko kare mai haƙuri yana kai cizo a kan abincinsa. Kyanwar gida takan rabu da su idan sun yi girma sun kusa kai ta jiki. Kafin nan kada a bar su tare ba ido. Shirwa kuma sai an tanadar musu inuwar da za su ruga su fake.

Da a nan zan ce a saya, amma ƙofar ta sake tayar mini da ɓacin ran. Ƙarama ce, an kuma ɗaga dokinta sama da taƙi guda. Ɗaya daga cikin amfanin tsare kaza a keji shi ne ta san makwancinta ta koma da kanta, sai ga su da magariba suna kewaya raga suna neman hanya, a daidai lokacin da muzuru ke fitowa. Sai da aka yanke ƙarfen aka sauke dokin ƙofar. Sakatar ma sako-sako ce, kare na tura ta da hanci. Rufin kwanon kuwa a zafin Afrilu tanda ne, kaji na haki da baki a buɗe, dole a ɗora zana a kai a matsar da shi ƙarƙashin bishiya.

Idan aka haɗa kuɗin raga da na mai walda karo na biyu da kazar da ta tafi, arahar ta ƙare. Wanda ke da kyanwa ko kare kada ya ɗauki na bakin titi. Ya je wurin mai walda ya ba da aiki da kansa: raga mai ido rabin inci tun daga ƙasa, ƙofa mai faɗi a daidai ƙasa, sakata mai wurin sa kwaɗo, sannan a bar tazara tsakanin kwano da raga don iska ta ratsa.