Wata bakwai da na cire fulofi daga injin surfani na sa masa filash

Shagona yana Aboabo a Kumasi, kuma abin da ke ciyar da gidana tsohon injin surfani ne na Tajima, wanda na gada daga maigidana da ya koya mini aiki. Ɗinkinsa ba shi da makusa. Damuwar ɗaya ce: ba ya karɓar zane sai ta faifan fulofi, ɗan murabba'in nan mai inci 3.5. Kamfanin Sony ya daina yin waɗannan faifai tun 2011, waɗanda suka rage a hannunmu kuwa ƙurar hunturu da laimar damina sun gama da su. Bara faifan da ke ɗauke da zanen wuyan babbar riga na wani Alhaji ya ƙi buɗewa. Ranar na yanke shawarar rabuwa da fulofi.

Abin da na saya a unguwar Adum sunansa Gotek, na'urar da ke sa injin ya karanta filash kamar fulofi. Girmansa daidai da na'urar fulofi, ana kwance tsohuwar a ɗaura shi a gurbinta da wayar nan mai faɗi mai fil 34. A gabansa akwai ramin filash, maɓalli biyu, da ɗan allo mai nuna lamba uku. Ɗaurawar ba ta kai rabin awa ba, abin lura kawai shi ne gefen wayar mai jan layi ya faɗa kan fil na ɗaya.

Wahalar tana wajen filash ɗin, kuma nan ne nake da ƙorafi a kan wanda ya sayar mini. Ya haɗa ni da filash mai gig 64, ya ce in zuba zane in soka kawai. Ko takardar bayani babu a kwalin. Na soka, injin ya ce babu faifai. Kwana biyu ina zaton an sayar mini da matacce, har ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar KNUST ya zo ya duba. Ya ce, "Kawu, na'urar lafiyarta ƙalau, filash ɗin ne ba a shirya shi yadda take ganewa ba."

Ga abin da na fahimta daga bakinsa. Filash da ya wuce gig 32 yawanci da tsarin ajiyar fayil na exFAT yake zuwa, tsarin da aka fito da shi bayan an daɗe da ƙera injina. Mun samo ƙarami mai gig 8, muka yi masa fomat na FAT32, muka zuba fayilolin zane na DST, har yanzu shiru. Ashe manhajar da Gotek ɗin ya zo da ita ba ta duba fayil kai tsaye. So take a yanka filash ɗin gida-gida, kowane gida ya zama kamar fulofi guda mai meg 1.44 da tsarin FAT12, kuma akwai wata ƙaramar manhaja ta kwamfuta da ke yin wannan yankan. Da ita yaron ya yi mini gida ɗari, daga 000 zuwa 099. Da muka mayar da filash ɗin kwamfuta sai ga shi yana nuna meg 1.44 kacal, gabana ya faɗi. Ya ce gidan farko kaɗai Windows ke gani, sauran sai ta cikin manhajar ake shiga. Duk mai shirin yin wannan ya fara kwashe abin da ke kan filash ɗinsa, don fomat ɗin ba ya barin komai.

Tun daga ranar injin bai sake cewa babu faifai ba. Gida na 001 zuwa 020 na wuyan riguna ne, na gaba na huluna, sai tambarin makarantun Islamiyya da muke ɗinka wa kayan ɗalibai. Na rubuta lambobin a littafi na rataye a jikin injin, ko yaran shago suna dubawa su danna. Akwatin faifan da nake lallaɓawa kamar ƙwai yanzu yana ƙarƙashin teburi.

Kada dai wani ya saya da tunanin sauri. Injin a ganinsa fulofi yake karantawa, don haka lokacin ɗaukar zane bai ragu sosai ba. Sunan fayil ma sai an gajarta shi zuwa harafi takwas, in ba haka ba ya fito a guntule ka kasa bambance shi da ɗan'uwansa. Sannan ba a zare filash fitilar na'urar na ci. Sau ɗaya wuta ta ɗauke ana cikin ajiye zane, gidan nan ya lalace sai da aka sake shi. Shi ya sa nake da filash na biyu iri ɗaya a aljihun teburi, da kwafi a kwamfuta.

Abokan sana'a na Asawase da Sabon Zongo da ke tambayata, ku duba tsoffin faifanku kafin ku je kasuwa. Mai huda biyu a kusurwa na meg 1.44 ne, mai huda ɗaya na kilobait 720 ne, kuma wasu injinan na biyun kaɗai suke ci. In ka ɗauko na'urar da ba ta dace da injinka ba, duk fomat ɗin da za ka yi ba zai yi magani ba.

Ɗan ƙanwata yana ta matsa mini a sa wa na'urar FlashFloppy, manhajar kyauta da Keir Fraser ya rubuta. Ya ce da ita babu sauran yankan gida, filash na FAT32 kawai za a zuba wa cikakken kwafin kowane faifai a matsayin fayil guda. Na yarda da maganarsa, amma aikin Babbar Sallah ya riga ya cika shago. Na ce masa ya saya mana Gotek na biyu ya gwada a kai, wannan da ke jikin injin ba za a taɓa shi ba sai an sauko daga Idi.